Matakan girman jariri da fargabar iyaye

Matakan girman jariri su ne abubuwan da yaro ke koya ɗaya bayan ɗaya daga haihuwa zuwa yaye, wato tsayuwar wuya, murmushi, birkicewa, zama, rarrafe, tsayuwa, tatata, gwaranci har a kai ga kalmar farko. Likitocin yara na duba su dan gane ko ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na tafiya daidai. Iyaye kuwa, musamman mai haihuwar fari, da ɗan maƙwabta suke aunawa, yanzu kuma waya ta shigo, uwa na shayarwa cikin dare tana rubuta wa Google "ɗana wata tara bai fara rarrafe ba".

Babu wata rana guda da aka yanke wa kowane mataki, tazara ce kuma tana da faɗi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a ƙasashe biyar, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Zama ba tallafi ya kama daga kusan wata 4 zuwa wata 9, rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi, tafiya shi kaɗai kuma daga wata 8 har kusan wata 18, kuma duk lafiyayyun yara ne. Wajen kashi 4 cikin ɗari ma basu yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, wasu jan gindi suka yi kawai sai aka ga sun miƙe. A 2022 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, da ta sake jerin matakanta cire rarrafe tayi gaba ɗaya. Bakwaini kuma ba daga ranar da aka haife shi ake ƙirga masa ba, ana cire makonnin da bai cika ba a ciki, har ya kai wajen shekara biyu.

Matsalar bincike a intanet ita ce shafin bai ga yaron ba, bai san ko bakwaini ne ba, bai san yana wasa yana dariya yana bin uwarsa da ido ba, alama ɗaya aka bashi sai ya jero duk cutar da ke da wannan alamar harda wadda ba kasafai ake samu ba, kuma ido kan mafi muni yake faɗawa. Masu bincike na Microsoft sun nuna haka tun 2008, yadda neman bayani kan ƙaramin abu kamar ciwon kai ke kai mutum ga karanta ciwon daji na ƙwaƙwalwa. Ga kuma ƙarya da ke yawo a WhatsApp da TikTok, kamar zancen wai allurar rigakafi na kawo galahanga (autism), alhali takardar binciken 1998 da ta haifar da zancen, mujallar likitoci ta Lancet da ta buga ta da kanta ta janye ta a 2010.

Amma fa ba duk fargaba ce ta banza ba, kuma "ai haka ubansa yayi" da kakanni ke cewa ta sha jinkirta zuwa asibiti. Yaron da wuyansa bai tsaya ba a wata 4, ko bai iya zama a wata 9, ko bai tafiya a wata 18, ko baya firgita da ƙara, baya waiwayowa in an kira sunansa, jikinsa a sanƙare ko a saɓule kamar tsumma, wannan likita ya kamata ya gani. Wanda ya fi duka gaggawa shi ne yaron da ya iya abu ya daina, yana gwaranci ya yi shiru. A Najeriya da Nijar manyan dalilan jinkiri na gaske sun haɗa da doguwar naƙuda da jariri bai yi kuka da wuri ba, shawara mai tsanani a makon farko da aka tsaya shanya jariri a rana ko ba shi jiƙo, sanƙarau, da tamowa.

A asibiti ana tambayar yadda ciki da haihuwa suka kasance, a auna nauyi da tsawo da kewayen kai a gwada da katin awo, a duba ji da gani. In an ga jinkiri akan tura yaro gashin ƙashi ko wajen masu koyar da magana, kuma an fi ganin amfanin hakan in an fara tun yana ƙarami. Ɗan bidiyon da uwa ta ɗauka na yadda yaron ke motsi a gida na taimaka wa likita sosai, dan yara da yawa da sun ga baƙon ido kuka kawai suke.