Waiwaye: Yadda Bugun Ƙarshe Ya Zame wa Wests Tigers Ciwon Kai

Duk ranar Talata da yamma, idan ƙungiyoyin gasar zari-ruga ta NRL a Ostareliya suka fitar da sunayen waɗanda za su buga a ƙarshen mako, magoya bayan Wests Tigers sukan koma kan gardamar da suka saba: wa ya kamata ya sa riga mai lamba 7, wa zai sa lamba 6, kuma me ya sa ƙungiyar takan kai har bakin layin abokan karawa sannan ta ɓarar da ƙwallon da bugun da bai da alƙibla. Ƙungiyar ta ƙare a ƙarshen teburi sau uku a jere, a 2022 da 2023 da 2024, kuma har zuwa ƙarshen kakar 2025 rabonta da shiga zagayen fitar da gwani tun 2011. Da yawa daga masu gardamar suna magana kamar jiya matsalar ta soma, suna ɗora ta a kan duk wanda ke riƙe da rigar a wannan makon, alhali saiwarta ta fi shekara goma a ƙasa.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san matsayin bugu a wannan wasa. A zari-ruga mai 'yan wasa 13, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kayar da 'yan wasanta sau shida kawai, daga nan ƙwallon ya koma hannun abokan karawa a daidai wurin da aka yi kayarwar ƙarshe. Saboda haka bayan kayarwa ta biyar kusan kullum bugawa ake yi da ƙafa, kuma wannan bugun ne ke yanke inda abokan karawa za su faro nasu harin. Akwai dogon bugu na neman fili, akwai wanda ake cillawa sama domin a rikita mai tsaron baya, akwai kuma gajere mai gangarawa a ƙasa zuwa bayan layin ci. Masu lamba 7 da 6 ne ke ɗauke da yawancin wannan aiki, tare da mai lamba 9 da mai lamba 1, kuma su huɗun nan ne ƙashin bayan kowace ƙungiya.

Farkon labarin sananne ne. Balmain da Western Suburbs, waɗanda dukansu suna cikin ƙungiyoyin da suka kafa gasar birnin Sidni a 1908, sun haɗe a 1999, suka fara bugawa da suna ɗaya, Wests Tigers, a 2000. A 2005 suka ɗauki kofi bayan doke North Queensland da ci 30 da 16, kuma abin da kowa ke tunawa da shi shi ne ƙwallon da Benji Marshall ya miƙa wa Pat Richards ta bayan baya yana cikin gudu. Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa lambar gwarzon wannan wasan ta tafi ga Scott Prince, mai lamba 7, wanda ke tsara wasa da yin bugun ƙarshe domin Marshall ya sami sarari. Prince ya koma Gold Coast a kakar 2007. Duk da haka ƙungiyar ta sake tasowa, ta shiga zagayen fitar da gwani a 2010 da 2011, kuma sau biyun ƙafa ce ta fitar da ita: St George Illawarra ta doke ta 13 da 12 da bugun maki ɗaya, wato wanda ake aunawa tsakanin sanduna ana cikin wasa, sannan Warriors ta doke ta 22 da 20 bayan wani bugun sama da aka kasa cafewa a mintocin ƙarshe.

Inda na ga ya kamata a tsaya shi ne tsakanin ƙarshen kakar 2013 da farkon ta 2014, domin abubuwa biyu da ba su da alaƙa da juna sun faru a lokaci guda, kuma haɗuwarsu ce ta fi yi wa wannan ƙungiya illa. Na farko, Marshall ya bar ƙungiyar zuwa ɗaya nau'in zari-rugar mai 'yan wasa 15 a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, ya tafi da gogewar shekara goma. Na biyu, an sauya dokar bugun da ya wuce ta bayan fili. Kafin 2014, idan ɗan wasa ya buga ƙwallon ya gangara ya fice ta layin ƙarshe, abokan karawa sukan faro daga mita 20 da damarsu shida kamar kullum. Hasarar ba ta da yawa, har ma wasu ƙungiyoyi sun mayar da hakan dabara, suna fitar da ƙwallon da gangan domin kada ya faɗa hannun masu tsaron baya masu gudu irin su Billy Slater da Greg Inglis. Sabuwar dokar ta zo ne domin ta kashe wannan dabara, ta ba waɗanda za su faro daga mita 20 ƙarin kayarwa ɗaya, suka zama bakwai. A shekarar ce kuma aka ƙara wa bugun 40/20 armashi, wato wanda ake yi daga bayan layin mita 40 na gida, ya taɓa ƙasa, ya fita ta gefe a cikin mita 20 na abokan karawa: maimakon a tsaya 'yan gaban ɓangarorin biyu su haɗa kawuna a jefa ƙwallon a tsakaninsu, ƙungiyar da ta buga takan ci gaba da wasa nan take.

Kayarwa ɗaya tak ba ta yi kama da babban abu ba, sai an yi lissafi. A ɗauka, domin misali, kowane ɗauki yana ci gaba da mita tara. Idan mai lamba 7 ya yi bugu mai kyau, aka kama mai tsaron baya a mita 10 daga layinsa, ɗauki biyar zai kawo su kusan tsakiyar fili, inda dole su ma su yi dogon bugu su mayar da ƙwallon. Idan kuwa ƙwallon ya zarce da taku biyu ya fice, za su faro daga mita 20 da ɗauki shida kafin bugu, wanda zai kai su wajen mita 26 daga layinka, kuma daga nan bugun neman ci za su yi. Ga kuma ɗaya fuskar: da ƙwallon ya tsaya a bayan layin ci aka kama mai tsaron a ciki, da sai sun bugo maka shi daga ƙarƙashin sandunansu, ka sake samun dama shida. Tsakanin mafi kyawun sakamako da mafi muni babu abin da ya raba sai ƴan mitoci na gangaren ƙwallo mai siffar ƙwai, wanda ba ya bin layi idan ya taɓa ƙasa. Gane nauyin da za a sa wa ƙafa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawar Leichhardt da rana, da wanda za a sa a Campbelltown da daren hunturu mai raɓa, dukansu filayen gida na Tigers, abu ne da sai an yi shekaru ana yi.

Dokar ta shafi ƙungiyoyi 16 na wancan lokacin baki ɗaya, amma ba ta same su a hali ɗaya ba. Waɗanda ke da gogaggun masu tsara wasa, irin su Cooper Cronk a Melbourne da Johnathan Thurston a North Queensland, sun daidaita ƙafarsu suka ci gaba. Ita kuwa Tigers ta shiga wannan zamani da Luke Brooks, wanda ya fara buga gasar a ƙarshen 2013 yana ɗan shekara 18, da Mitchell Moses, sa'ansa, wanda ya fara a 2014. Braith Anasta, babban da ke tsaye kusa da Brooks, ya yi ritaya a ƙarshen wannan kakar, don haka daga 2015 matasa biyu 'yan shekara 20 ne ke riƙe da ragamar. Hazaƙarsu ba abin shakka ba ce, domin Brooks ne aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa na 2014. Sai dai a yawancin ƙungiyoyi matashi yakan koyi bugun ƙarshe a gefen wani dattijon fili da ke ɗauke masa kaso mafi nauyi, su kuwa sun koya ne a bainar jama'a, a daidai lokacin da farashin kuskure ya tashi.

Daga nan abin ya zama zagaye, kuma a nan ne matsalar bugu ta rikiɗe ta zama matsalar zaɓen 'yan wasa. Bugun da ya fice yakan jawo dogon tsaro a kusa da gida, dogon tsaro yakan gajiyar da manyan 'yan gaba, gajiyayyun 'yan gaba ba sa cin fili idan ƙwallo ya dawo hannunsu, sai mai bugu ya tsinci kansa yana bugawa daga cikin gidansa, abokan karawa na rugowa kansa. Mai kallo daga kan benci ba ya ganin wannan sarƙa, bugun ƙarshen kawai yake gani, sai ya nemi a sauya mai lamba 7. Amma bugu ba aikin mutum ɗaya ba ne. Dole 'yan gefe su san ƙusurwar da ƙwallo zai sauka tun kafin ya bar ƙafa, dole layin masu bi ya taso a miƙe ba tare da giɓi ba, dole mai lamba 9 ya san ta wane hannu zai miƙa. Duk sauyin da aka yi a ƙashin baya yakan mayar da wannan fahimta baya, ko da wanda aka kawo ya fi wanda aka cire. Kamar tuwo ne da ake ta sauya masa muciya da mai tuƙi kafin ya yi kauri.

Abin takaicin shi ne, lokacin da koyon ya fara nuna amfaninsa ne rukunin ya watse. A 2016 ƙungiyar ta ƙare ta tara, taku ɗaya daga takwas ɗin da ke wucewa zagayen fitar da gwani. A tsakiyar 2017 Moses ya koma Parramatta, a ƙarshen kakar kuma James Tedesco, mai lamba 1, ya tafi Sydney Roosters inda ya ɗauki kofi a 2018 da 2019. A gasar da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya kuɗin albashi, kuma kwantiragin matasan da suka taso tare yakan ƙare kusan lokaci guda, irin wannan watsewa ba baƙon abu ba ne. Moses ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ake yaba wa ƙafarsu a duk gasar, ya kai Parramatta wasan ƙarshe a 2022. Brooks ya zama gwarzon masu lamba 7 a 2018, ya buga wa Tigers wasa sama da 200 ba tare da ya taɓa zagayen fitar da gwani ba, sannan ya shiga a kakarsa ta farko da Manly a 2024. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba ƙafafun ne suka gaza ba.

Ƙungiyar ta sake zama ta tara a 2018 da 2019, sannan a 2020 aka kawo dokar da ke sabunta dama shida nan take idan an yi laifi wajen kayarwa, wadda ta ƙara wa wasan sauri, ta kuma sa hukuncin rasa fili ya ƙara tsanani. Daga nan ne aka fara ganin irin cin da ba a saba gani ba, kamar 72 da 6 a hannun Roosters a 2022 da 74 da 0 a hannun North Queensland a 2023, ita ɗin da Tigers ta lallasa 66 da 18 a Leichhardt makonni kaɗan kafin nan. Kakar 2022 ta ba da misali a taƙaice. Bayan rashin nasara biyar a jere, aka ba Jackson Hastings lamba 7, Brooks ya koma 6, sai ga nasara biyu a jere da bugun maki ɗaya, 21 da 20 a kan Parramatta da 23 da 22 a kan South Sydney. Kafin kakar ta ƙare Hastings ya koma lamba 13, a 2023 kuma yana Newcastle. Adam Doueihi ya buga a baya, ya buga a tsakiya, ya buga a 6 da 7 da 13, tsakanin raunukan gwiwa da suka sha ɗauke shi na watanni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da hujjarsa a makon da aka yi shi, ko rauni, ko dakatarwa, ko neman mafita bayan shan kashi.

A daidai waɗannan shekarun, a yammacin wannan birni na Sidni, Penrith ta ɗauki kofi huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024 da Nathan Cleary da Jarome Luai, waɗanda suke bugawa tare tun suna yara a ƙananan rukunonin ƙungiyar. Tigers ta ɗauko Api Koroisau daga can a 2023, ta ɗauko Luai a 2025 domin ya tsaya kusa da matashi Lachlan Galvin, wanda ya fara a 2024 a gefen Aidan Sezer. A takarda wannan shi ne haɗin babba da yaro da aka rasa tun 2014. Sezer ya tafi Ingila bayan kaka ɗaya, Galvin kuma ya koma Canterbury a tsakiyar 2025, kafin haɗinsa da Luai ya cika kaka guda. Ƙungiyar ta kuɓuta daga ƙarshen teburi a wannan shekarar, amma ta kammala ta ne da wani sabon haɗi a lamba 6 da 7.