Jarida ba a Ingila ta fara ba, kuma da farko ba kullum take fita ba

An daɗe ana cewa Ingila ce mahaifar jarida, kuma tun farkonta kullum ake buga ta. Ba abin mamaki ba ne, tunda ta hannun Turawan Ingila ta iso mana.

Jaridar bugu ta farko da aka sani ta fito ne a 1605 a birnin Strasbourg, wanda yau yake cikin Faransa, da Jamusanci, sau ɗaya a mako. Dalilin makon shi ne gidan waya. Mahaya dawaki ne ke kawo wasiƙun labarai daga wasu birane a ranaku ƙayyadaddu, mai bugu kuwa sai jakar ta iso yake samun abin jerawa. Ta kullum sai a 1650 ta bayyana a birnin Leipzig na ƙasar Jamus. Landan ba ta samu tata ta kullum ba sai 1702.

Mai son tabbatarwa ya nemi hotunan tsofaffin jaridun a intanet, manyan ɗakunan karatu sun sa da yawa. Ya dubi kwanan wata da lambar fitowa a shafin farko, ya ƙirga tazarar da ke tsakanin fitowa biyu.

Don Allah a tura wa wasu su ma su karanta.