Waiwaye: Tun 1980 aka shuka rigimar rabon kuɗin mai a Alaska

Duk shekara idan majalisar jihar Alaska ta Amurka ta zauna a Juneau kan kasafin kuɗi, babu abin da ke cin lokaci kamar tambayar nawa za a tura wa kowane mazaunin jihar daga ribar asusun mai. A 2022 kowa ya karɓi dala 3,284, har da tallafin makamashi a ciki. A 2025 dala 1,000 aka biya. Masu ganin an tauye musu haƙƙi suna fara lissafin rigimar daga 2016, shekarar da aka soma biyan ƙasa da abin da doka ta tsara, alhali tushen ya girmi wannan da shekara 36.

Farkon labarin sananne ne. An gano mai a Prudhoe Bay a 1968. Da shekara ta zagayo jihar ta sayar da izinin haƙa ta samu dala miliyan 900, kuɗin kuma suka narke cikin 'yan shekaru. Ganin haka jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 1976 aka gyara tsarin mulkin jihar: aƙalla kashi 25 cikin 100 na kason da jihar ke karɓa a matsayinta na mai ƙasar da ake haƙar zai shiga Asusun Dindindin, uwar kuɗin kuma ba a cinta, sai dai a juya ta. Ajiyar farko a 1977 dala 734,000 ce, yau asusun ya haura biliyan 80. An yi rabon farko a 1982, dala 1,000 ga kowa, har da jarirai.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne a tsakiyar waɗannan shekaru. Bututun mai mai tsawon mil 800 zuwa tashar Valdez ya fara aiki a 1977, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabi bayan juyin juya halin Iran na 1979. Baitul-mali ya cika har ya tumbatsa. A 1980 sai aka soke harajin albashi da sauran kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane, harajin da ake biya tun 1949, kafin ma Alaska ta zama jiha. Harajin cinikin kaya na jiha baki ɗaya kuwa dama babu shi. A lokacin kusan kowa ya yi murna, kuma da wuya a ga laifin wanda ya yi murnar, domin kuɗin suna shigowa fiye da yadda ake iya kashe su.

Sai dai daga ranar jihar ta koma tsayuwa da ƙafa ɗaya. Albashin malamai, jiragen ruwan da ke haɗa garuruwan gaɓar teku, 'yan sandan jiha, jami'a, duk sun rataya a kan gangar mai. Wani abu kuma ya juye: a yawancin jihohi sabon mazauni da ya samu aiki ƙarin kuɗin shiga ne ga gwamnati, amma a Alaska ɗawainiya ce. 'Ya'yansa za su shiga makaranta, iyalinsa za su shiga layin rabo bayan sun cika shekara guda, shi kuma ba ya biyan jihar komai daga albashinsa. Kusan ma'aikaci ɗaya cikin biyar ma ba mazaunin jihar ba ne. Yana zuwa aikin mai ko kamun kifi, ya kwashi albashinsa cif ya koma gida. Harajin da aka cire kuwa mayar da shi aiki ne ja, musamman a wurin mutanen da suka saba gwamnati ce ke ba su.

Yawan man ne ya rufa asirin. A 1988 ana tura ganga kusan miliyan 2 a rana, yau bai kai 500,000 ba. Tsadar farashi ta ɓoye raguwar har zuwa 2014, lokacin da farashin ya faɗi. Aka yi ta cin kuɗin ajiyar ko-ta-kwana, har tukunyar da ta rage ta zama ribar asusun, wato inda rabon jama'a ke fitowa. Tun 1999 an tambayi masu zaɓe ko a taɓa ribar don ayyukan gwamnati, sama da kashi 80 cikin 100 suka ce a'a, amma ba a samar da wata hanyar ba.

Lissafin dokar rabon ga yadda yake: a haɗa ribar shekara biyar, a ɗauki kashi 21 cikin 100, a raba biyu, rabi ɗaya a rarraba wa waɗanda suka cancanta. Misali, in ribar ta kai biliyan 20, abin rabo biliyan 2.1 ne. Tsarin mulki uwar kuɗin kawai ya kare, shi rabon doka ce ta gama-gari, shi ya sa kotun ƙolin jihar ta yanke a 2017 cewa sai an ware masa kuɗi a kasafi kamar kowane aiki. A 2018 aka ƙara wata doka da ta ƙayyade abin da za a cira daga asusun a shekara, kashi 5.25 cikin 100 da farko, sannan kashi 5, don gwamnati da rabo su ci daga ciki. Tsohuwar dokar ba a soke ta ba, don haka kowane ɓangare yana da dokar da yake riƙe da ita.

Yanzu fiye da rabin kuɗin da gwamnatin jihar ke da 'yancin kashewa daga wannan cirar yake fitowa. Rage rabon ya zama harajin da ba a kira shi da sunansa ba, kuma kowa abu ɗaya yake biya. In aka zaftare dala 1,000 daga kason kowa, injiniya marar iyali ya rasa 1,000. Gida mai mutum shida a ƙauyen da mota ba ta zuwa, inda ake jiran kuɗin Oktoba don a sayi man ɗumama ɗaki kafin sanyi ya kama, ya rasa 6,000.