Ciwon da ya kashe Foé, da matar da ta gano tushensa

Duk mai kallon ƙwallo ba zai manta da ranar 26 ga watan Yunin 2003 ba. Kamaru na wasa da Kolombiya a birnin Lyon na Faransa, ana minti na 72 kawai sai ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili, babu wanda ya taɓa shi. Shekararsa 28. Ina gidan kallo ranar, muna ta cewa gajiya ce yanzu zai tashi, ashe tafiyar kenan. Da aka binciki gawarsa sai aka ga bangon zuciyarsa ya yi kauri fiye da ƙima.

Wannan ciwo na kaurin tsokar zuciya, wanda likitoci ke kira hypertrophic cardiomyopathy, ba sabo ba ne. Tun 1958 wani likitan binciken gawa a Landan, Donald Teare, ya rubuta labarin mutum takwas da ya ga irin wannan kaurin a zuciyarsu, yawancinsu matasa ne da suka mutu farat ɗaya. To amma shekara talatin likitoci suna ganin abin yana bin jini, uba ya yi ɗa ya yi, babu wanda ya san mene ne yake lalacewa a ciki.

Nan ne Christine Seidman ta shigo, likitar zuciya a Harvard a Amurka, tare da mijinta Jonathan Seidman wanda shi kuma masanin ƙwayoyin gado ne, ɗakin bincike ɗaya suke riƙe da shi. Sai suka samu wani babban dangi a Kanada da ciwon ya daɗe yana ɗauka a cikinsu, suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna ɗibar jini ana ɗaukar hoton zuciya, ana ware mai shi da marar shi, kuma ka tuna lokacin ba a ma gama karanta DNA ɗin ɗan Adam ba, aikin hannu ne mai cin rai. A 1989 suka gano matsalar tana kan kromosom na 14, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. A 1990 suka ɗora yatsa a kanta: harafi ɗaya ne tak na rubutun DNA ya sauya a ƙwayar gadon da ke haɗa furotin ɗin mayosin, sai amino asid na 403, wato tubali na 403 a jerin tubalan da aka gina shi da su, ya zama wani daban. Shi kenan fa. Harafi ɗaya.

Mayosin ɗin nan shi ne injin tsokar zuciya. Ka ɗauka kamar mutane ne a bakin rijiya suna jan igiyar guga, kowane bugu su ja su saki. A mai wannan ciwon hannayen da ke kama igiyar sun yi yawa, jan ya fi ƙarfi, sakin kuma ba ya cika, don haka zuciyar tana cin ƙarfinta a banza, bangon ya yi ta kauri har jini ya kasa samun hanyar fita yadda ya kamata. A 1996 suka sa wannan kuskuren a jikin ɓeraye, ɓerayen ma suka kamu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya a takarda ba. A 2012 su biyun da wasu masana biyu, James Spudich da Leslie Leinwand, suka kafa kamfanin MyoKardia don neman maganin da zai rage wa zuciya ƙarfin matsa, alhali abin da aka saba nema shi ne mai ƙara mata ƙarfi. Maganin shi ne mavacamten. An gwada shi a kan mutum 251, sakamako ya fito a 2020, a shekarar kuma kamfanin magunguna na Bristol Myers Squibb ya sayi MyoKardia a kan dala biliyan 13.1, hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da maganin a watan Afrilun 2022. Shekara 32 kenan daga gano harafin zuwa ƙwayar da mutum zai haɗiya.

Sai dai akwai inda abin yake min ciwo. A 2016 wani bincike ya nuna an yi ta faɗa wa wasu baƙaƙen fata a Amurka cewa suna ɗauke da ciwon alhali ba haka ba ne, saboda wasu sauye-sauyen da aka ɗauka na cuta ne ashe sun zama ruwan dare a jinin 'yan asalin Afirka kuma ba sa cutarwa, kawai dai ba a saka isassun baƙaƙe cikin waɗanda aka kwatanta da su ba tun farko.

Kuma ciwon ba ƙarami ba ne, kusan mutum ɗaya cikin 500 yake da shi, in uba ko uwa na da shi to yiwuwar kowane ɗa ya gada rabi da rabi ce. A wajenmu saurayi zai faɗi a filin unguwa, a yi masa sutura kafin la'asar, Allah ya jiƙansa, a zauna zaman makoki kwana uku, ƙannensa na nan zaune kan tabarma suna karɓar gaisuwa, ba wanda zai ce a kai su a ɗau hoton zuciyarsu.