Mene ne RAM, kuma me ya sa bai taɓa isa ba?

Kalmar "memori" ta sha haɗa mai gyaran waya da kwastomansa musu. Mutum zai zo yana ƙorafi wayarsa na maƙalewa, ya ce ya goge hotuna da bidiyon biki har ya gaji amma ba ta daina ba. Mai gyara ya duba ya ce RAM ne ya yi kaɗan. Shi kuwa sai ya buɗe masa saitin waya ya nuna giga 40 da ke zaune ba komai a ciki. Duk cikinsu babu maƙaryaci, kowa dai da abin da yake nufi.

Giga 40 ɗin nan ma'adana ce, wato rumbu. Nan hotuna da waƙoƙi da manhajoji suke kwance, ko an kashe waya suna nan. Amma ba a daka a cikin rumbu. Sai an ɗebo hatsi an zuba a turmi tukuna taɓarya ta same shi. Turmin shi ne RAM, mai daka kuma furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa na'ura lissafi. Duk manhajar da ka buɗe, sai an kwaso ta daga rumbu an zuba a nan kafin ta motsa. Ka ƙara rumbu goma a gidan, turmi yana nan yadda yake.

Haruffan RAM ɗin uku gajarce kalmomin Turanci ne, Random Access Memory, abin da suke nufi kuma shi ne ana iya kai hannu kowane gurbi kai tsaye. Wanda ya yi zamanin kaset zai gane bambancin nan take. In kana son waƙa ta biyar, dole ka bi ta kan huɗun farko, ko ka zura biro a ramin kaset kana juyawa don kada batir ya ƙare. Kwamfutocin zamanin da su ma sun yi aiki da irin wannan zaren. A RAM kuwa kowane gurbi da lambarsa, a kira lamba ya amsa, na farko da na ƙarshe duk tafiyarsu ɗaya.

Irin wanda ke cikin wayoyi da kwamfutocinmu ana ce masa DRAM. Wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Robert Dennard ne ya ƙirƙiro shi, ya samu takardar mallakar fasahar a 1968, sannan kamfanin Intel ya fito da shi kasuwa a 1970. Dabarar na ba ni mamaki har gobe. Kowane ɗigon bayani, sifili ko ɗaya, ana riƙe shi ne a wani ɗan mitsitsin ma'ajin caji. Matsalar ita ce ma'ajin yoyo yake yi kamar fasasshen tulu, don haka dole a riƙa zagayawa ana sake cika shi, kusan sau 16 a kowace daƙiƙa. Biliyoyin tuluna, duk suna zuba, ana ta bin su da guga. Shi ya sa da wuta ta yanke komai ke bin iska. Wanda NEPA ta taɓa yi wa tsiya yana tsakiyar rubutu a kwamfutar tebur bai adana ba, ya san wannan darasin ba sai an koya masa ba.

To, nawa ne zai isa? Nan ne ni da nake rubuta manhaja nake jin kunya. Kwamfutar da ta sauke kumbon Apollo 11 a duniyar wata a watan Yulin 1969, wurin aikinta, wato RAM ɗinta, bai wuce kilobait 4 ba. Saƙon murya na daƙiƙa biyar ya fi shi girma. Kuma wurin ya cika mata ana cikin sauka, ta yi ta nuna lambar gargaɗi 1202. Sai dai ayarin masu manhaja na jami'ar MIT, wanda Margaret Hamilton ke cikin jagororinsa, sun tsara ta yadda in abu ya yi yawa za ta watsar da ƙananan ayyuka ta riƙe masu muhimmanci. Haka ta yi, aka sauka lafiya. Windows 95 da mega 4 yake tashi. Windows 11 ba ya karɓar ƙasa da giga 4, ninki dubu ke nan, alhali wasiƙar da kake bugawa ba ta ƙara tsawo ba. Tun a 1995 Niklaus Wirth, ɗan ƙasar Suwizalan da ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja mai suna Pascal, ya koka cewa manhaja na ƙara nauyi fiye da yadda na'ura ke ƙara sauri.

Wani nauyin halal ne. Allo ya ƙara kyau, bidiyo ya shigo, tsaro ma yana da nasa kason. Amma mai yawa lalacinmu ne. Manhajojin kwamfuta da dama a yau, irin su Slack da Discord, kowacce tana ɗauke da injin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, sukutum a cikinta, domin hakan ya fi sauƙin rubutawa. Mai rubutu ya huta, mai amfani ya biya.

Ni ma na taɓa yin nawa. Na haɗa wa wata makaranta 'yar manhajar da ke nuna hotunan ɗalibai. A kwamfutata tana gudu kamar ruwa. Da aka ɗora ta a wayar malami mai giga 2, kafin a kai ƙarshen aji ɗaya ta rufe kanta. Na kwana biyu ina zargin wayar, ashe laifina ne. Hoton da a rumbu bai wuce mega 3 ba, in an buɗe shi dole a baje shi ɗigo-ɗigo. Mai ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, kowane ɗigo na cin bait 4, mega 48 ke nan hoto ɗaya. Ni kuma na sa ta buɗe na ɗalibai 40 a lokaci guda, kowanne da cikakken girmansa, don a nuna shi a gurbin da bai fi farcen yatsa ba. Layi shida na gyara, na sa ta rage hoto kafin ta buɗe shi, magana ta ƙare.

Yanzu kuma ga sabon salo a kwalin waya: 8+8. Takwas na farko ne RAM na gaske. Na biyun yanko shi ake yi daga ma'adana, a riƙa jibge manhajojin da ba ka taɓa su ba na ɗan lokaci. Tsohuwar dabara ce, kwamfutoci sun daɗe suna yin ta, kuma tana ɗan taimakawa. Amma rumbu ba ya zama turmi don an rubuta masa suna, saurinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. In za ka saya, lambar farko za ka duba.

Haka nan manhajojin nan masu hoton tsintsiya da ke alƙawarin share RAM, ba na ganin amfaninsu. Android da kansa yake korar abin da ya daɗe ba a taɓa ba idan wuri ya ƙure. In ka share da hannu, minti ɗaya ba za a yi ba WhatsApp zai sake tasowa daga rumbu, ya ci batir a hanya. Ita kanta tsintsiyar, da tallace-tallacen da take jawowa, a cikin RAM ɗin take zaune.