Ƙaramar bindigar hannu ta ɗauka a ɓoye a Amurka

Ƙaramar bindigar hannu ta ɗauka a ɓoye ita ce fistol ko libarba da aka ƙera don mutum ya soke ta a ƙugu ko ya sa a aljihu, tufafinsa su rufe ta. Kasuwarta mafi girma tana Amurka, inda gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na shekarar 1791, ya bai wa ’yan ƙasa ’yancin mallakar makami.

Dokar kowace jiha daban take. Florida ta sauƙaƙa ba da lasisi a 1987, jihohi da dama suka bi sahunta. Illinois ce ta ƙarshe da ta halatta yawo da bindiga a ɓoye, a 2013. A 2022, a shari’ar Bruen, Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mai neman lasisi ya nuna wani dalili na musamman. Yau fiye da rabin jihohi 50 ba sa ma tilasta wa mutum samun lasisi. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa.

Babbar matsalar zaɓi ita ce, abin da ke sa bindiga ta ɓoyu shi ne ke sa ta yi wuyar harbi. Idan ba ta da nauyi, duk ƙarfin harbin a tafin hannu yake ƙarewa. Idan mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin kamawa, bakin bindigar ya riƙa zabura sama. Idan bututunta gajere ne, saiti ya yi wuya. Amma kuma mariƙin ne ke turo riga ya tona asirin mai ita, ba bututun ba, domin shi bututu yana shigewa cikin wando. Shi ya sa masu ƙira suka fi shan wahala a kan mariƙi.

Tarihin kasuwar ma a kan wannan yake juyawa. Libarbar Chiefs Special ta kamfanin Smith & Wesson, mai cin harsashi 5, ta fito a 1950, har yau ana ƙera ’yan’uwanta. Glock 19 ta 1988 tana ɗaukar harsashi 15 mai faɗin milimita 9, sai dai ta ɗan yi girma ga mai siririn jiki. Dokar tarayya ta 1994 ta taƙaita gidan harsashi zuwa 10 har 2004, cikin wannan lokaci Glock 26 ta fito. Ruger LCP ta 2008 ta shiga aljihu da gajeren harsashi 6 na nau’in da ake kira .380, ga ta da dukan hannu. Wadda ta sauya lissafi ita ce SIG Sauer P365 ta 2018: kaurinta kusan inci ɗaya, amma tana cin harsashi 10. Shekara guda bayan nan Springfield Hellcat ta zo da 11.

Yawan harsashi shi ne abin da ’yan talla suka fi kururutawa, alhali kube ya fi shi muhimmanci. Kube na ƙwarai mai tauri ne, yana rufe kunamar bindiga ruf, domin irin su Glock ba su da makullin hana harbi da ake murɗawa da babban yatsa. Tsumma ko igiyar riga da ta shiga wurin kunama lokacin mayar da bindiga tana iya tashinta. Masu koyar da harbi kan shawarci mai saye ya je filin gwaji ya yi hayar iri uku ko huɗu ya harba kafin ya biya kuɗi, ya kuma tanadi akwatin ƙarfe mai makulli idan akwai yara a gida.