Sitiroyid

Sitiroyid rukuni ne na sinadarai masu maiƙo da ake samu a jikin mutum da dabba da tsiro. Gininsu iri ɗaya ne: zobba huɗu sarƙe da juna, masu ƙwayoyin kabon 17. Kolestirol yana cikinsu, kuma da shi jiki ke haɗa saura, kamar kotisol da testosteron, wanda ke sa namiji ya yi gemu, muryarsa ta buɗe, tsokarsa ta ginu.

Likitoci na ba da dangin kotisol ga masu asma da kumburin gaɓoɓi. Su ne kuma wasu ke sha ba bisa ƙa'ida ba don neman ƙiba, ko a zuba su a man bilicin.

Waɗanda suka jawo ce-ce-ku-ce a wasanni su ne masu gina tsoka, dangin testosteron. An fara haɗa testosteron a ɗakin bincike a 1935. A 1958 kamfanin Ciba ya fito da ƙwayar Dianabol a Amurka, nan da nan masu ɗaga ƙarfe suka yi mata caa. Amma babu inda abin ya yi muni kamar Jamus ta Gabas, inda gwamnati da kanta ta tsara shi. An riƙa ɗirka wa 'yan wasa wata ƙwayar gina tsoka mai suna Oral-Turinabol, har da ƙananan 'yan mata masu ninƙaya, ana ce musu bitamin ne. Lambobin zinariya sun samu, amma da yawansu muryarsu ta koma ta maza, wasu hantarsu ta taɓu.

A gasar Montreal ta 1976 aka fara yi wa 'yan wasan Olamfik gwajin waɗannan magunguna. Badaƙalar da ta fi tashe ita ce ta Ben Johnson na Kanada, wanda ya lashe tseren mita 100 a Seoul a 1988 cikin daƙiƙa 9.79. Aka ga stanozolol, wani maganin gina tsoka, a fitsarinsa, aka ƙwace zinariyar aka miƙa wa Carl Lewis na Amurka.

Masu adawa suna cewa maguɗi ne, ga kuma illa: ciwon zuciya, hawan jini, ƙanƙancewar maraina, rashin haihuwa da saurin fushi. Amurka ta sanya su cikin ƙwayoyin da doka ta taƙaita a 1990. A 1999 aka kafa WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, wadda ta haramta su ga ɗan wasa ko lokacin gasa ne ko ba lokacinta ba.